YADDA A KE FID DA KWININ DAGA ƁAWON ITACE

Watannin baya, sa'ad da aka aike mu makarantar gwaji mu koyi karantarwa, muna ba yara darasin kiwon lafiya, sai zance ya kawo mu kan kwinin. Muka gaya musu daga ɓawon wani itace a ke samunsa. Wani yaro can bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ɓawon itace ai ja ne, kwinin kuwa fari fat. Ina jan ya tafi?" Muka yi shiru kaɗan, sa'an nan muka ce, "Inji ne ke fid da shi." Yaro ya zauna. Amma mun ga a fuskarsa bai ƙoshi ba, mu kanmu kuwa mun san ba amsa muka ba shi ba, toshe masa baki muka yi. Tun daga ran nan muka ɗora wa kanmu binciken abin. Ga abin da muka samo, mun rubuta domin kada wani cikin 'yan'uwa ya sha irin kunyar da muka sha.

Itacen nan sunansa sinkona. Asalinsa daga duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ikwado. Wajen shekara ta 1630 da 'yan kai waɗansu limaman Kirista suka fara kai ɓawonsa Turai, aka ga yana maganin zazzaɓin nan mai zuwa da sanyi da rawar jiki, wanda yanzu muka san sauro ke kawo shi. Kusan shekara 200 ba abin da a ke yi sai a daka ɓawon, a dama garin da ruwa ko da giya, a ba majiyyaci ya sha.

To, maganin yana aiki, amma akwai babbar wahala. Ɓawo duk ɓawo ne a ido, a ciki kuwa ba ɗaya su ke ba. Wani yana da maganin da yawa, wani kaɗan, wani kuwa kusan babu. Ga kuma 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suna gauraya shi da ɓawon waɗansu itatuwa masu ɗaci. Saboda haka likita ya auna cokali guda yau ya warkad da mutum, gobe ya auna cokali guda daga wani buhu mutum ya mutu, bai kuwa san inda kuskuren ya ke ba. Banda wannan, mai zazzaɓi da ƙyar cikinsa ke riƙe ruwa ma, balle tulin garin itace. Abin da a ke bukata shi ne a ware maganin shi kaɗai, a san nauyinsa.

Waɗanda suka yi wannan aiki waɗansu masu haɗa magani ne guda biyu a birnin Faris na Faransa, Pelletier da Caventou, cikin shekara ta 1820. Ba su kuwa ɓoye dabarar ba, suka buga ta kowa ya gani. Kafin mu shiga dabarar kanta sai mun daidaita kalmomi uku, gama nan ne mu da kanmu muka fara ruɗewa.

Na farko dangin tsami, watau irin abin da ke cikin lemun tsami da tsamiya da nono mai tsami. Akwai masu ƙarfi ƙwarai a cikinsu, kamar ruwan tsamin farar wuta, wanda direbobi ke kira ruwan batir. Na biyu dangin kanwa, su ne kanwa da ruwan toka da soda, da farar ƙasa irin wadda a kan samu in an ƙona dutsen alli an zuba masa ruwa. Turawa na kiran dangin nan da wata kalma mai kama da sunan mai shari'a, har mun daɗe muna tsammani daga alƙali aka samo ta. Ashe ba haka ba ne, daga wata kalmar Larabci ce dabam, mai nufin tokar tsiro. Na uku gishiri. Mu gishiri ɗaya muka sani, na miya, sai ko manda da ire-irensa. A wurin masanan haɗe-haɗe kuwa, duk inda ɗan tsami ya gamu da ɗan kanwa suka kashe ƙarfin juna suka haɗu, abin da ya fito gishiri ne. Na miya ɗaya ne kurum cikin dubbai.

Kwinin kansa ɗan dangin kanwa ne, amma mai rauni. A cikin ɓawo ba shi kaɗai ya ke zaune ba. A ɗaure ya ke da waɗansu 'yan tsami na itacen, ɗaya daga cikinsu irin abin nan ne mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi. Watau dai a matsayin gishiri ya ke. Kewaye da shi kuma ga jan launi, ga ƙaro, ga kitse, ga zaren itacen kansa. Ko a ɓawo mai kyau, kashi 90 cikin 100 ko fiye duk tarkace ne. Ba rariyar da za ta tankaɗe wannan, ba kuwa idon da zai tsince shi.

Asirin duka yana cikin hali guda na kwinin. In yana ɗaure da tsami mai yawa, watau yana gishiri, ruwa ya ke so, ba ya shiga mai. In aka kwance shi ya zauna shi kaɗai, sai halin ya juye: ya ƙi ruwa, ya so mai. Oza guda ta kwinin kwantacce sai an ba ta ruwan sanyi wajen galan 12, garwa 3 ke nan, kafin ta narke duka. Amma cikin barasa tatacciya 'yan cokula sun ishe ta. Tarkacen da ke tare da shi kuwa ba su iya wannan sauyi. Mai son ruwa a cikinsu yana nan mai son ruwa, mai son mai yana nan mai son mai. Kowa ya san ruwa da mai ba su gauraya, ko an kaɗa su sai su rabu, mai a sama, ruwa a ƙasa. Saboda haka in ana iya kora kwinin daga wannan zuwa wancan yadda a ke so, kowace ƙaura zai bar waɗansu maƙwabta a baya.

Ga yadda aikin ke tafiya a ma'aikata. Da fari a busad da ɓawo a niƙa shi lilis. A kwaɓa garin da farar ƙasa da ruwan soda, a bar shi ya jiƙa. Farar ƙasa ta fi kwinin ƙarfi nesa, sai ta ƙwace 'yan tsamin da ke riƙe da shi, ta haɗu da su ta zama wani gishiri dabam. Kwinin ya zauna a kwance, ba mai riƙe da shi. A ido ba abin da ya sauya, kwaɓin yana nan ja kamar laka. Amma an riga an gama rabin aikin.

Sa'an nan a zuba mai mai zafi, a yi ta motsawa. A dā irin kananzir da danginsa a ke sa wa, daga baya aka fi yin amfani da wani ruwa dangin fetur mai suna tolwin. Kwinin ya bar kwaɓi ya shige mai. Gishirin farar ƙasa ba ya shiga mai ko kaɗan, zaren itace ma haka, mafi yawan jan launin ma haka. A tsiyaye man, a sāke zuba sabo har sau biyu ko uku, domin wanki ɗaya ba ya kwashe duka. Ƙananan wanki uku sun fi babba guda amfani, ko da yawan man ɗaya ne, kamar yadda mai wanki ya sani game da ɗauraya. Nan ne amsar yaron nan ta ke: jan ya zauna cikin tukunyar fari, tare da dusa.

To, amma man nan ba kwinin kaɗai ya ɗauko ba. Kitsen ɓawo da waɗansu abubuwa masu danƙo su ma masu son mai ne, sun biyo shi. Sai a juya dabara. A zuba ruwa mai ɗumi wanda aka sa wa ruwan tsamin farar wuta kaɗan, a kaɗa su tare da man. Kwinin ya gamu da tsami, ya koma gishiri, mai ya gundure shi, ya sauko cikin ruwa. Kitse da danƙo ba ruwansu da tsami, suna nan cikin mai. A bar su su kwanta, a buɗe famfo daga ƙasa a janye ruwan. Man kuwa ba a zubad da shi, a kan mai da shi tukunyar fari ya sāke ɗauko wani. In ruwan yana da sauran launi a tafasa shi da garin gawayi, gawayin ya tsotse launin, a tace. Wanda ya ɗaga ruwan nan a hasken rana zai ga wani shuɗi yana ƙyalli a gefensa, alhali kuwa ruwan ba shi da launi. Wannan alama ce ta kwinin cikin ruwan tsamin farar wuta.

Da mun tsaya nan da mun ce an gama, amma saura abin da ya fi wuya. Kwinin yana da 'yan'uwa uku a cikin ɓawon, sunansu kwinidin da sinkonin da sinkonidin. Halinsu ɗaya da nasa. Inda ya shiga mai sun shiga, inda ya koma ruwa sun koma. Ruwa da mai ba za su raba su ba, gama duk ƙofar da aka buɗe masa an buɗe musu.

Abin da ya raba su shi ne yawan tsamin da kuma sanyi. Kwinin kamar mai hannu biyu ne, kowane hannu yana iya riƙe tsami. In tsami ya yi yawa, hannu biyu duk a cike, gishirin nan mai saurin narkewa ne, oza guda cikin ruwa wajen oza 10. In aka rage tsamin da soda, sannu sannu, har ya zama hannu ɗaya ne kurum ke riƙe, sai a sami wani gishiri mai taurin kai. Oza guda tasa tana narkewa cikin tafasasshen ruwa wajen humusin galan, amma cikin ruwan sanyi sai an ba ta galan 5. Gishirin sinkonin kuwa, wanda aka yi ta wannan hanya, oza guda ba ta bukatar ko rabin galan na ruwan sanyi.

Mu yi lissafi irin na aji, mu ga abin da ke faruwa. A ce muna da ruwan zafi galan 5, a cikinsa akwai gishirin kwinin oza 10, da na sinkonin oza 10. Muddin ruwa yana tafasa duka biyu a narke su ke, gama na kwinin galan 2 ma sun ishe shi. A sauke tukunya, a bar ta ta huce. Ruwan sanyi galan 5 ba ya iya riƙe gishirin kwinin fiye da oza guda, saboda haka oza 9 dole su fito. Sai ka ga waɗansu farare kamar ƙananan allurai suna tsirowa cikin ruwa, har su cika tukunya kamar auduga. Na sinkonin fa? Galan 5 na iya riƙe wajen oza 12 nasa, shi kuwa 10 ne, saboda haka yana nan a narke bai motsa ba. A tace, allurai a hannu, 'yan'uwa a ruwa.

A takarda abin ya fi haka tsabta, dole mu faɗa. A tukunya sinkonidin ya kan manne wa kwinin su fito tare, sai an sāke narkad da alluran a ruwan zafi an sāke sanyaya su, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Kowane zagaye ana samun ƙarin tsarki, ana kuma hasarar ɗan kwinin cikin ruwan da ya rage. Hannun mai zuba soda kuma shi ne kome. In ya ƙasa, tsami ya yi yawa, ba abin da zai fito. In ya zarce, sai ya kwance su duka huɗu, su faɗo tare kamar dambu, aiki ya koma baya. Mu a ganinmu wannan mutum ya fi injin da muka ambata wa yaro muhimmanci. Su Pelletier kuwa da suka fara, da wata hanya suka raba biyun farko: wani ruwa mai saurin tashi da a ke kira eta, wanda likitoci suka daɗe suna sa mutum barci da shi, yana narkad da kwinin, amma da ƙyar ya ke taɓa sinkonin. Hanya dabam, dalili ɗaya.

Mai tambaya zai ce, me ya sa gishiri ke son ruwa, kwantacce ke son mai? Masana sun ce jikin kwinin mafi yawansa gawayi ne da iskar haidurojin, ƙwayar zarra 20 ta wannan, 24 ta wancan, irin kayan da aka gina mai da su ke nan. Don haka shi da mai dangi ne. Amma yana da ƙwaya 2 ta naitirojin, su ne hannuwan da muka faɗa. In hannu ya kama tsami sai ya ɗauki ɗan ƙarfin lantarki, ruwa kuwa halinsa ne ya kewaye duk abin da ke ɗauke da wannan ƙarfi ya janye shi. Mai ba shi da wannan hali. Wannan ne kuma ya sa ƙwayar kwinin da ba ta narkewa a moɗa ta ke narkewa a ciki, domin cikin mutum akwai tsami. Na allura kuwa da wani tsami dabam a ke haɗa shi, a cika hannu biyu, har ya narke cikin ruwan da bai kai nauyinsa ba.

Gani ya kori ji, amma kada wani ya ce zai gwada wannan da ruwan batir a gaban yara, gama yana cin fata, yana makantarwa. Akwai gwajin da ba shi da haɗari, kayansa kuwa duk suna kasuwa. Sabulun salo shi ma gishiri ne, na tsamin da ke cikin mai haɗe da ruwan toka. A narkad da ɗan gutsure a ruwan ɗumi cikin kwalba, a girgiza, yara su ga kumfa. A matsa lemun tsami a ciki. Nan da nan kumfa ya mutu, ruwa ya yi fari, wani abu mai maiƙo ya taso sama. Lemu ya ƙwace tokar, ya kwance ɗan man, shi kuwa ba ya zama a ruwa. A zuba kananzir kaɗan a girgiza, sai maiƙon ya shige cikinsa. Juyin na kwinin ke nan: can kanwa ke kwancewa tsami ya ɗaure, nan tsami ke kwancewa kanwa ta ɗaure. Sai dai a yi da sabulu na ainihi, garin wanki na kanti ba ya yin haka. In ana so yara su bambanta dangin biyu, jiƙon zoɓo ya isa. Da lemu ya kan ƙara ja, da kanwa ya yi duhu ya karkata wajen kore.

Akwai wani kuskure da za mu tarar a ƙauyuka, ya kamata mu san amsarsa. Mutane da yawa sun ɗauka ɗacin shi ne maganin, saboda haka duk abin da ya kai kwinin ɗaci ya kai shi aiki. Ɓawon maɗaci ya isa ɗaci, an kuwa daɗe ana jiƙa shi don zazzaɓi, amma babu kwinin a cikinsa. Ba mu ce a raina itatuwanmu ba, sinkona ma ai itace ne. Abin da muka ce shi ne jiƙo ba shi da ma'auni, yaro mai zazzaɓi mai tsanani kuwa ba ya jiran a gwada.

Abin da ma'aunin nan ya jawo ya taɓa ƙasarmu. Cikin 1841 Ingilishi suka shigo Kwara da jirage uku, zazzaɓi ya kashe musu Turawa fiye da 40, suka koma. Cikin 1854 Dokta Baikie ya shigo da jirgi guda, ya bi Kwara ya hau Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin awo guda kowace rana, suka fita ba wanda ya mutu. Waɗanda suka biyo bayansa ba duka ne da alheri suka zo ba, wannan kowa ya sani, kwalbar kwinin kuwa tana cikin kayansu tare da bindiga. Da bukata ta yi yawa aka shiga neman iri mai ƙarfi. Cikin 1865 mutanen Holan suka sayi irin da wani Ingilishi ɗan kasuwa, Charles Ledger, ya samo daga Bolibiya ta hannun baransa Manuel Incra Mamani, suka shuka a tsibirin Jawa. Waɗansu itatuwan ɓawonsu ya ba da fiye da kashi 10 cikin 100. Kafin yaƙin duniya na biyu wajen kashi 90 cikin 100 na kwinin ɗin duniya daga can ya ke fitowa, har Japan ta kama tsibirin cikin 1942.

Cikin 1944 waɗansu masana biyu a Amurka, Woodward da Doering, suka nuna hanyar gina kwinin ba tare da itace ba. Amma hanyar doguwa ce mai tsada, saboda haka har yanzu daga ɓawo a ke fid da shi, ana kuwa noman itacen da yawa a gabashin Kwango. Sai dai kwinin ba shi ne kan gaba ba yanzu wajen zazzaɓin cizon sauro. An fi ba da magungunan da aka samo daga wani tsiro na ƙasar Sin, dangin tazargade. Wata masaniya ta can, Tu Youyou, ta ga tafasa na lalata maganin tsiron, sai cikin 1971 ta jiƙa ganyen da eta ba tare da zafi mai yawa ba. Sa'an nan ta wanke jiƙon da ruwan dangin kanwa, 'yan tsamin ganyen masu cutarwa suka zama gishiri suka bi ruwa, maganin ya zauna cikin eta. An ba ta lambar Nobel saboda wannan aiki cikin 2015.